Gaisuwar da Ba a Amsawa

A gidajen haya na Sabon Tasha, Television, Narayi da Unguwar Romi a Kaduna, ba sai an gaya maka su wa suka ɓata da juna ba. Ka fito da sassafe ka tsaya kusa da rijiya, ka kasa kunne. Kowa ya iso da bokitinsa sai ya ce ina kwana, a ce lafiya, yaya gajiya, yaya yara, har a kai ga jikin tsohuwar da aka baro a ƙauye. To, duk inda ka ga mutum biyu sun haɗu kan guga ɗaya, wannan ta kau da kai, waccan ta ɗaga murya da waƙar coci, babu ko sannu, ka tabbata akwai magana a ƙasa. A wurinmu ba sai an yi zage-zage ake sanin an ɓata ba. Janye gaisuwa kaɗai ya isa sanarwa, kuma duk gidan sun ji ta, har yara. Uwa ta ce wa ɗanta, "Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar matar nan," shi ke nan gaba ta sami magaji.

Yawancin abin da ke jawo wannan bai taka kara ya karya ba. Rabon kuɗin wuta ne, mai firji da dutsen guga yana so a raba daidai da mai ƙwan fitila ɗaya. Ko ruwan wanki ya bi ta ƙofar wani, ko zubin adashe ya makara, ko yaro ya doki yaro. Amma a kan haka sai ka ga an shekara ba a ga maciji da juna. Ranar Lahadi kuwa kowa ya ci ado ya rungumi Littafi Mai Tsarki, wani lokaci ma majami'a ɗaya aka nufa, layi ɗaya za a bi a karɓi Jibin Ubangiji, a dawo gida a ci gaba daga inda aka tsaya.

Zancen gaisuwa ba ni na ƙago shi ba. Yesu Almasihu da kansa ya kawo shi, kuma a wurin da koyarwarsa ta fi wuyar haɗiya. A Matiyu sura 5, daga aya 43 zuwa 48, inda ya ɗora wa almajiransa nauyin ƙaunar magabtansu da yi wa masu gallaza musu addu'a, ya kafa hujja da abin da kowane manomi ya sani: in damina ta sauka, Allah ba ya tsallake gonar mugu ya shayar da ta mutumin kirki, rana ma ba ta zaɓen rufin da za ta haska. Daga nan ya gangaro kan gaisuwa. Ya nuna musu cewa in naka kaɗai kake gaisarwa, ba ka yi wani abin da ya wuce na kowa ba, don ko wanda bai san Allah ba yana yin haka. Wato ma'aunin da ya ba mu ba a can nesa yake ba. Yana bakin ƙofar ɗakinka, kuma kowace safiya ana gwada ka da shi.

Ka lura da irin abubuwan da ake nema. A Luka sura 6, aiki ne aka jera: kyautata wa mai ƙinka, sa wa mai zaginka albarka, yi wa mai wulakanta ka addu'a, ba da rance ba da sa ran a biya ka ba. Tun a Attaura ma, a Fitowa sura 23, an ce wanda ya tsinci sa ko jakin abokin gabansa ya ɓace, wajibi ne ya kora masa shi gida. Babu inda aka ce sai ranka ya yi fari da ganin mutumin. Da daɗin zuciya aka umarta, da mun sami uzuri, don ba wanda ke da iko ya ce wa zuciyarsa ta ji daɗi yanzu-yanzu. Amma baki da hannu da ƙafa suna ƙarƙashin ikonka, kuma su aka kira.

Kan titi kuwa wata koyarwa daban ce ke ci. Mun taso muna jin rama cuta ga macuci ibada ne, muna jin ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma da yawanmu da waɗannan muke tafiyar da rayuwa daga Litinin zuwa Asabar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan ra'ayi ya kutsa har cikin addu'armu. Ka bi ta wasu unguwanninmu daren Juma'a lokacin kwanan addu'a, za ka ji lasifika na amsa kuwwa: maƙiyina ya faɗi ya mutu, wuta ta cinye shi, kada ya ga wata mai zuwa. Jama'a na tsalle suna gumi, kowa da fuskar da yake hangowa a ransa, wani surukarsa, wani abokin aikinsa, wata matar ɗakin kusa. Za a ce da ikokin duhu ake yaƙin, ba da mutane ba. In haka ne, madalla. Amma na sha jin an fito daga irin wannan taro ana cewa wance za ta gani, ana kiran sunan mutum mai rai. A Luka sura 9, da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu, Yakubu da Yahaya sun nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Tsawata musu ya yi, suka wuce wani gari. Ban ga yadda za mu mayar da abin da ya tsawata wa manzanni a kansa ya zama jigon addu'armu ba.

Akwai wata tsohuwa da muka zauna gida ɗaya da ita a Narayi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, 'yar Zumuntar Mata ce, ƙosai take soyawa a bakin titi. Wata matashiya ta tare a ɗakin da ke kallon nata, mai kaifin harshe ce ƙwarai. Rigimarsu ta faro daga hayaƙin itace da ke kama kayan da aka shanya. Rannan, gaban kowa, matashiyar ta kira ta mayya, ta ce tun da suka shigo gidan ɗanta bai ƙara lafiya ba. Wanda ya san ƙasar nan ya san nauyin wannan kalma a kan tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Cikin 'yan kwanaki wasu iyaye suka daina aiken yaransu sayen ƙosanta. Ƙullun da kan ƙare kafin hantsi sai ya riƙa kaiwa azahar.

Duk da haka, kowace safiya in ta ɗauko kasko da itace za ta fita, sai ta tsaya ta ce, "Ina kwana, 'yata? Yaya jikin yaron?" Ba amsa. Wata rana tsaki ne ke biyo baya. Matan gidan suka yi ta ce mata, "Mama, ki daina zubar da girmanki, yarinyar nan ba ta san mutunci ba." Ba ta fasa ba. Wani dare zazzaɓi ya rufe yaron, ya soma jijjiga, idanunsa suka juye. Uban maigadi ne, yana wurin aiki. Ihun uwar ya ta da gidan, kuma tsohuwar ce ta fara fitowa. Na ga ta ɗan tsaya a bakin ƙofar kafin ta shiga, na kuma san dalili: in yaron nan ya cika a hannunta, babu mai wanke ta har ta mutu. Ta shiga. Ta jiƙa tsumma ta shafe masa jiki, ta goya shi, ta je ta buga wa mai keke Napep na gidan kusa ƙofa, ta kwance bakin zaninta ta biya da cinikin ranar. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, yaron kuma ya tashi.

Da ma a ce daga nan suka zama uwa da 'ya. Ba haka aka yi ba. Matashiyar ta ce an gode sau ɗaya, a taƙaice, ba ta taɓa janye kalmarta a gaban waɗanda ta faɗe ta ba, bayan wasu watanni kuma suka tashi ko sallama babu. Na tambayi tsohuwar, "Mama, kin yafe mata kuwa?" Ta ce, "Ɗana, kullum yafewa nake. Har yanzu in na tuna kalmar nan ƙirjina zafi yake. Amma na ga ba zan iya kiran sunanta gaban Allah da dare ba, gari ya waye in wuce ta kamar kututture." Ban taɓa jin wa'azin da ya warware mini wannan aya kamar maganar nan ba.

Sai dai ita ma gaisuwa akwai ta jabu, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye haka ba. A littafin Sama'ila na biyu sura 20, Yowab ya tari Amasa yana tambayar lafiyarsa, yana kiransa ɗan'uwa, ya kama gemunsa da hannun dama kamar zai sumbace shi, takobi kuwa yana ɗaya hannun, da shi ya farke masa ciki. Yahuza ma da gaisuwa da sumba ya nuna Ubangijinsa ga masu kama shi. Shi ya sa Bulus, a Romawa sura 12, kafin ya kai ga zancen ciyar da maƙiyi mai jin yunwa, sai da ya fara gargaɗi cewa kada ƙauna ta zama ta riya. Mu ma mun iya wannan. Mun san murmushin yaƙe, mun san ta ciki na ciki, mun san "sannu da aiki" da ake faɗa da haƙora a cije. A cikin coci har ya fi yawa, don mun san ana kallonmu.

Kaduna tana da mutumin da ya fito ya faɗi gaskiya a kan wannan, Fasto James Movel Wuye na cocin Assemblies of God. Haifaffen garin nan ne, a da yana cikin jagororin matasan ƙungiyar Kiristoci ta CAN. A watan Mayun 1992, da rikicin Zangon Kataf ya fantsamo cikin Kaduna, ya shiga faɗan, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Nurayn Ashafa, jagoran matasan Musulmi, wanda aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a wannan tarzoma. A 1995 suka haɗu a Gidan Gwamnati wurin wani taro kan rigakafin yara. Wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa hannayensu, ya ce su yi magana da juna. Daga nan aka soma tafiyar da ta haifi cibiyarsu ta sasanci, Interfaith Mediation Centre.

Abin da ya sa na kawo shi ba cibiyar ba ce. Fasto Wuye ya sha faɗa da bakinsa cewa kusan shekara uku suna aiki tare, suna gaisawa, suna tafiye-tafiye, suna kwana ɗaki ɗaya a masauki, amma in ya ga Imam ya yi barci sai ya tuna hannunsa, zuciyarsa ta riƙa raya masa ya ɗauki matashi ya danne masa fuska. Duniya na yaba musu, shi kuwa ya san abin da ke cikinsa. Abu biyu ya ce suka karya shi. Mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, sai ga Imam ya zo dubiya, da ta rasu kuma ya zo ta'aziyya da jama'arsa. Na biyu, a wani taron masu bishara a Abuja, wani fasto ɗan'uwansa ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya. Shi ma Imam Ashafa ya ce huɗubar wata Juma'a ce ta juya shi, inda liman ya tuna musu yadda mutanen Ɗa'ifa suka jejjefi Annabi Muhammadu har ya zubar da jini, bai kuwa nemi a hallaka su ba.

Mu Kiristoci bai kamata mu ji nauyin faɗin wannan ba: dubiyar Musulmi ce ta taimaka wa fasto ya koma ga umarnin Almasihu. Ai a Luka sura 10 ma, da Yesu zai nuna wane ne maƙwabci, Basamariye ya ɗauko, mutumin da masu sauraronsa suka raina addininsa, ya ce su je su yi koyi da shi. Kuma dubiya da ta'aziyya ba wani sabon ilimi ba ne, abin da kowace kaka a garin nan ta sani ne. Daga wannan ƙaramin abu aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu ranar 22 ga Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke, mutum sama da 200 suka mutu. Fasto Wuye da Imam Ashafa ba su ce aikin banza suka yi ba. Suka wuce Yelwa ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004, suka je har Kenya bayan tarzomar zaɓen 2007, ga kuma nasu mutanen suna zarginsu da sayar da addini.

Wani zai ce, to ashe shekaru ukun nan munafunci ne, gara mutum ya bari sai zuciyarsa ta huce tukuna. Ban yarda ba. Wanda ya ce sai ya huce zai gaisar, yawanci kabari ne ke raba gardamar. Bambancin Yowab da mai kokawa da zuciyarsa a niyya yake: ɗaya yana gaisuwa don ya sami wurin soka wuƙa, ɗayan yana gaisuwa yana roƙon Allah ya ƙwace wuƙar daga hannunsa. Corrie ten Boom, 'yar ƙasar Holan, danginta sun ɓoye Yahudawa a gidansu lokacin yaƙin duniya na biyu. Aka kama su a 1944, mahaifinta ya mutu a tsare, 'yar'uwarta Betsie ta mutu a sansanin Ravensbrück. A 1947 ta gama jawabi kan gafara a wata majami'a a birnin Munik na Jamus, sai ga ɗaya daga cikin masu gadin sansanin ya matso ya miƙo mata hannu. Ta ba da labari cewa hannunta ya ƙi ɗaguwa, ba ta ji ko ɗigon tausayi ba. Ta roƙi Yesu a ranta ya taimake ta, ta ɗaga hannun don biyayya kawai, kuma sai bayan hannayen sun haɗu ne zuciyar ta biyo.

Mu da ke kudancin kogin Kaduna muna da wata matsala da ta fi ta gidan haya girma. Manyanmu sun san wata Kaduna daban. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, unguwannin nan sun cika da ma'aikata daga ko'ina: Bajju, Atyap, Ham, Gbagyi, Tibi, Idoma, Nufawa, Hausawa, Yarbawa, Ibo. Jiniya ɗaya ke ta da su, ƙofa ɗaya suke shiga, ƙungiyar ƙwadago ɗaya ke ƙwato musu haƙƙi. Da Sallah kwanon nama ya ƙetara zuwa ɗakin Kirista, da Kirsimeti kwanon shinkafa ya koma. Sai ranar 21 ga Fabrairun 2000 ta zo, rikicin shari'a ya tashi, ya sake tashi a watan Mayu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta aƙalla mutum 2,000 ne suka mutu. Mutane suka sayar da gidaje a wulakance, wasu suka yi musanya, Kirista ya baro Tudun Wada da Rigasa ya ƙetaro, Musulmi ya bar Television da Sabon Tasha ya haura. Rikicin 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka ƙara zurfafa ramin, masaƙun da ke haɗa mu kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yau har ana kiran can Makka, nan Urushalima.

Ba na zargin kowa da ya tashi. Wanda ya kwana cikin silin yana jin ana neman sa, ba ni da bakin ce masa ya koma. Har yanzu ma akwai Musulmi a Makera, Kakuri da Nasarawa, Barnawa kuma a cakuɗe take. Amma yawancinmu haɗuwarmu da na ƙetare ta koma ta kasuwa da ofis: a yi ciniki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kafin magariba kowa ya haye gada ya koma cikin nasa. Mun sami kwanciyar hankali, kuma da yawa mun ɗauka mun yafe ke nan, alhali nisa kawai muka yi. Yaron da aka haifa a Unguwar Romi a 2001 yanzu magidanci ne, kuma zai yiwu bai taɓa samun maƙwabci Musulmi da zai ce wa ina kwana ba. Abin da ya sani game da su labarin ranar gudu ne. Takwaransa na Rigasa ma haka. Mutumin da ba ka taɓa tambayar lafiyar uwarsa ba, ƙinsa ba ya wuya.

Mun ga inda wannan ke kaiwa. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 aka kai harin bam kan majami'u biyu a Zariya da ɗaya a Tirkaniya nan Kaduna, masu sujada suka mutu. Kafin yamma matasa daga cikinmu sun tare hanyar Abuja, suna fito da matafiya daga mota suna kashewa. Mutanen nan ba su dasa bam ba, wasunsu ma ba su ji labarin abin da ya faru ba. Iyayensu sun yi kuka irin wanda iyayenmu suka yi da safiyar ranar. Duk Kiristan da ya kira wannan kare addini, sai ya nuna mana inda Almasihu ya koya masa haka, shi da ya ce wa Bitrus ya mayar da takobi kube a daren da aka zo kama shi, ya kuma roƙa wa masu gicciye shi gafara.

Na san tambayar da ke cin mai karatu, don ni ma tana cina. A watan Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, suka kwashe ɗalibai huɗu, suka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18. Ranar 5 ga Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, iyaye suka yi ta zaman jira a bakin makarantar, wasu suka sayar da abin da suka mallaka. Wa zai kalli uwar da aka yi wa haka ya ce ta ƙaunaci wanda ya yi mata? Ni dai ba zan yi mata gaggawa ba, kuma ina roƙon masu wa'azi su daina cusa wa mai makoki kalmar yafiya tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. A zauna da ita, a yi kuka da ita tukuna. A kuma tuna cewa waɗannan ɓarayin mutane ba su ne maƙwabtanmu na ƙetaren gada ba. Musulmin Birnin Gwari, Giwa da Igabi sun sha irin wannan azaba a hannunsu.

Ƙaunar maƙiyi ba ta ce a bar ƙofa buɗe ba, ba ta ce a janye ƙara ba. Da wani dogari ya mari Yesu gaban babban firist, ya tambaye shi dalilin marin. Da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba bisa ƙa'ida ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, ya ce mahukuntan su zo da kansu. Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a Fabrairun 1982, wata tara kafin zuwansa wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbe shi a Rum. Tun yana gadon asibiti ya sanar cewa ya yafe, a Disambar 1983 kuma ya je kurkuku ya zauna da shi. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekara ta 2000. Yafiya ta yi aikinta, shari'a ta yi nata. Abin da aka hana mu shi ne ɗaukar fansa da hannunmu, da ɗora bashin mai laifi kan ƙabilarsa ko addininsa, da jin daɗin halakarsa. In an kama shi, a miƙa shi ga hukuma da ransa, ba a nemo taya da fetur ba. In za a yi masa addu'a, a roƙa masa tuba. Wannan da wuya yake, ban ce da sauƙi ba, kuma ban ga mai iya shi da ƙarfin kansa ba. Abin da ke riƙe da mai bi shi ne abin da Bulus ya tuna wa Romawa a sura 5, cewa mu ma muna matsayin magabtan Allah ne lokacin da ya nemi sulhu da mu.

A Sabon Tasha, Fasto Yohanna Buru ya daɗe yana gwada abin da ake cewa ba ya yiwuwa. Shekara da shekaru Musulmi, malamai da mata da matasa, suna zuwa majami'arsa ranar Kirsimeti su taya murna, shi kuma yakan kai wa mabukata hatsi da azumi, ya je gaisuwar Mauludi. Ba a ce kowa ya bar addininsa ba. Akwai masu sukarsa a cikinmu, amma ban ga sun kawo wata hanya da ta fi tasa ba.

Fastocinmu da dattawan ikilisiya, kun san su wa ba sa magana da juna a cikin garkenku, sunayensu ba ɓoyayyu ba ne. A Matiyu sura 5 an ce mai kawo baiko, in ya tuna akwai ɗan'uwan da ke riƙe da shi a zuciya, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ku kira su ku zaunar da su kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ko da baikon ranar zai ragu. Ku kuma iyayenmu da kuka yi aiki a masaƙa, kowannenku yana da wani Malam wane da kuka yi shekaru kan inji ɗaya, wanda rabonku da shi tun 2000. Wasunsu sun rasu ba ku je ta'aziyya ba, wasu suna nan a Tudun Wada da Kawo da Rigasa, tsufa ya kama su kamar yadda ya kama ku. Ku neme su ku je ku gaishe su tun kuna da ƙafa, kuma ku tafi da jikokinku.